Duwatsun Murhun Iya

Har yau idan na tuna Iya, takaici ne ke riga kewa isowa. Kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma a iya zaman da na yi da ita, da wuya in kawo ranar da ta ɗauko magana ta miƙe da ita. Idan gishiri ya yi yawa a miya ba za ta ce ya yi yawa ba, sai ta tambayi Mama ko buhun ne ya fashe a kan tukunyar. Baba kuwa ɗan fari ne, saboda haka ko sunansa ba ta kamawa. "Uban naku" take cewa, ko da yana tsaye a gabanta da kofin ruwa da ƙwayar maganinta a hannu.

Ina shekara bakwai muka baro Zariya zuwa Greensboro, inda Baba ya zo ƙaro karatu, ya gama ya zarce da aiki. Ina sha ɗaya Iya ta iso, wai wata uku za ta yi a duba mata gwiwa. Shekara huɗu ta yi, kuma kullum akwatinta a ɗaure yake kamar gobe za ta tafi.

Unguwarmu tana can wajen Sedgefield, a jikin wani tudu da manyan itatuwa suka lulluɓe. Tituna uku ne suka zagaye tudun, ɗaya bisa ɗaya, amma ƙololuwar an bar ta kurmi don gangarenta ba ya ginuwa. Gidanmu a titin sama yake, tsakanin bayan gidan da kurmin ko shinge babu. Iya ba ta ga abin yabo a unguwar ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin garin da mota za ta zo, bango ya buɗe baki ya haɗiye ta da mutumin ciki, shi ke nan sai gobe ba. Ta yi sati biyu tana zama a ƙofar gida da carbinta tana jiran mai ce mata sannu, ba ta samu kowa ba sai mai kawo wasiƙa.

Mutum ɗaya ce ta tsira daga bakinta, wata tsohuwa baƙar fata, Mis Loreta, da ke ƙarshen titinmu. Nata ne kaɗai tsohon gidan katako a unguwar, mai baranda, kuma ita kaɗai ke zama a waje. Iya ta raɗa mata Larai, don ta ce ɗayan sunan yana sarƙe mata harshe. Wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin Turanci, amma sai su share awa guda suna gaisawa. Iya ta aika da ƙosai, kwanon ya dawo da dafaffen ganye. In hira ta yi zurfi sai a ƙwala mini kira. Ni ce tafinta, aikin da ban nema ba, kuma ba a taɓa ce mini sannu a kansa ba.

A wajen tafintancin nan na san tarihin unguwar. Kafin a zo da tituna, tudun gona ne. Bayan an 'yanta bayi, kakannin Mis Loreta da wasu gidaje 'yan kaɗan suka samu gefen da ba mai so saboda duwatsu da gangara, suka noma taba da masara, suka haifa suka binne a nan. A hankali 'ya'ya suka watse birane, gonakin suka fita hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura ita da barandarta. Na juya wa Iya duk wannan, amma ni yarinya ce mai ɗokin komawa kallon talabijin, rabin zancen a hanya nake zubar da shi. Ina kyautata zaton "suka binne a nan" yana cikin abin da na zubar.

Da ganye ya fara zuba sanyi ya kunno kai, Iya ta ce ba ta yarda da ɗumin da ke fitowa daga ramin ƙasan ɗaki ba, wuta take so wadda za ta gani da idonta. Baba ya je ya sayo wani kaskon ƙarfe mai ƙafafu, irin wanda maƙwabta ke hura wuta a ciki a bayan gida. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta tambaye ni ko na turaren wuta ne. Bayan kwana uku muka dawo daga makaranta muka tarar da murhu sosai a bayan gida, duwatsu uku kowanne kamar ƙatuwar kabewa, tukunya a kai gyaɗa na tafasa. Matar da ake kaiwa asibiti saboda gwiwa ita ce ta hau kurmi sau uku, ta yi gammo da ɗankwali, ta sauko da su a ka. Baba ya duba. Abin da ya dame shi kawai kada ƙungiyar masu gidaje ta aiko da takarda a kan hayaƙi.

Ba zan ɓoye ba, ban yi zaman da ya kai na bakin murhun nan daɗi ba a yarintata. Rana na faɗuwa da wuri a lokacin, muna idar da magariba sai mu fito, ni da ƙanwata Ummi, wadda aka zo da ita a goye, ta tashi Hausa a kunne Turanci a baki. Mama tana aikin yamma, Baba yana ciki da littattafansa, don shi ba ya zaman hira da mahaifiyarsa. Iya ta gyara zama a tabarma, ta miƙe ƙafar mai ciwo wajen wuta, ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa, sanyi take ji."

"Ta shigo ta ji ɗumi," in ji ni.

"Okay," in ji Ummi, kullum, kuma kullum sai Iya ta harare ta.

Tatsuniyoyin da ta zo da su daga gida suka ƙare cikin sati biyu, sai ta koma ƙera sababbi da mutanen unguwa. Akwai ta sarkin da kare ya ci garinsa da yaƙi, har ya zama kullum safe shi ke bin karen a baya da leda yana kwashe masa kashi. Akwai ta mutumin da ya rantse sai ya kori ganye daga duniya da injin hura iska, ya tura wa maƙwabcinsa da safe, iska ta dawo masa da shi da yamma. Mu yi ta dariya muna ɓare gyaɗa har isha ta yi a kora mu ciki.

Wata Talata da la'asar Mis Loreta ta zo ƙofarmu da kanta, abin da ba ta saba ba, idanunta jajur. Ta ce ƙungiyar masu gidaje za ta fitar da hanyar tafiya da ƙafa ta cikin kurmin. Ta daɗe tana gaya musu akwai kaburbura a can, to sun yarda ranar Asabar za a hau da ita a kafa turaku, duk inda aka ga dutsen kabari a kewaye shi, inda babu hanya ta bi. Da safen nan ta hau share ganye kamar yadda take yi duk shekara, ta tarar duwatsu uku babu, na can gefen ƙasa, daidai inda hanyar za ta ratsa. Ɗaya na kakarta ne, wadda ta raine ta. Idonta ya yi rauni, ƙasar duk ganye ce, da duwatsun take gane wurin. Ta ce yaran unguwa ne, babu shakka.

Na juya wa Iya. Ta tafa hannu ta yi salati. "Satar dutsen kabari? Allah wadaran ɗan yau! Ko wane ne Allah ya tona masa asiri, ya kunyata shi da rana tsaka!" Sai da ta gama kwashe wa ɓarawon albarka tas, sannan ta ce, "Tambaye ta, da rubutu a jiki?"

Babu rubutu, in ji Mis Loreta. Mutanenta ba su da halin sassaƙa, dutsen gona kawai suke kafawa a wajen kai. Na kakarta yana da wani farin zane a gefe, kamar an ja alli.

Iya ta juya ta shige ciki. Ko rakiyar da ta saba yi mata zuwa bakin titi ba ta yi ba.

A nan dole in yi mata adalci, ko da yake ba ta nema ba. A gida kabari tudu ne, a maƙabarta mai katanga, da guntun itace ko fasasshiyar tukunya a kai. Waɗanda ta gani a nan ta tagar mota kuwa fili ne mai ciyawa kamar darduma, da sassaƙaƙƙun duwatsu da furanni. Wa zai gaya mata mutane za su gina gidaje su kewaye matattu, su bar su cikin ganye? Amma adalcin nawa a nan ya tsaya. Abin da ya rage mata ta faɗa kalma huɗu ce, "ni ce na ɗauka." Sai Iya ta zaɓi ta yi mana tatsuniya.

Ran nan ba ta ɗora tukunya ba, wutar ma 'yar kaɗan ta hura can gefe. Ta ce wata tsohuwa ce ta je baƙunci garin da ba a gaisuwa. Kaɗaici ya ishe ta, sai ta hau tudun bayan gari. A can ta iske wasu dattijai uku a tsugune cikin ganye, jikinsu ya yi sanyi ƙalau. Ta yi musu sallama, shiru. Ta ce ko za su zo su ji ɗumi, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Sai ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ta kawo gida, ta zaunar da su bakin wuta. Mutanen kirki ne, ba sa ci ba sa sha, kullum su riƙe mata tukunya ba sa gajiya. Ana nan sai ga wata mata tana bin gida gida tana kuka, tana cigiyar uwarta. Tsohuwa ba ta san dattijan nan suna da dangi ba. Kunya ta rufe ta, ƙafa kuma ta ƙi hawa, sai ta zauna tana waƙa ko Allah zai sa wata ta ji:

Na fari, gindin itace mai ƙafa biyu,
na biyu, ki dubi gabas, taku tara,
na uku, ki ƙara bakwai, ki karkata dama,
yarinya mai kunne, maida su gida.

Ta rera sau biyu.

"Daga nan fa?" na ce.

"Daga nan ta tsaya."

"Ina kura?" in ji Ummi. "This one is boring, Iya."

"Ku tashi ku ba ni wuri."

Ranar Laraba ta sake ɗauko ta, kalma ba ta canza ba. Na ce, "Iya, jiya fa kin yi wannan." Ta ce, "Na yi. An ji?" Ni kuwa hankalina na kan gyaɗar da aka daina dafawa. Ranar Alhamis da ta soma "wata tsohuwa ce ta je baƙunci", Ummi ta kwanta a tabarma ta rufe kai da bargo. Ni ma na fara tattara takalmina. Sai Iya ta ɗauki sandar tura wuta, tana waƙar tana ƙwanƙwasa duwatsun, na fari, na biyu, na uku. A kan na ukun ta ɗan kankare baƙin hayaƙin da bakin sandar. Farin zanen ya fito, kamar an ja alli.

"Iya! Ke ce! Duwatsun Mis Loreta ne!"

"Ni tatsuniya na yi."

"Kwana uku! Jibi fa Asabar! Me ya hana ki faɗa tun ranar Talata?"

"Me ya hana ki ji tun ranar Talata? Ana ta cika mana kunne wai ke ce ta ɗaya a aji."

Na tsaya ina huci, hawaye na zuba don haushi. Kwana uku matar nan tana can a barandarta tana kuka, mu muna nan zaune da kakarta a gaba, ana yi mini kacici-kacici.

Na shiga na gaya wa Baba. Ya cire tabarau ya dafe kai. Shi ba zai iya fita ya tambaye ta ba, ita ba za ta gaya masa ba, uwa da ɗa a gida ɗaya, sai ga ni na zama tafinta tsakanin Hausa da Hausa. Ya ce in rubuta masa waƙar. Na yago takarda daga littafin makaranta na rubuta da Turanci, don shi hannuna ya saba da shi, inda ta ce gabas na sa kalmar da aka koya mana a aji, ta mahudar rana. Dabarar Baba ita ce gobe daga masallacin Juma'a ba zai koma aiki ba, mu loda duwatsun a baro mu mayar a ɓoye, Asabar a hau a gan su a wurinsu, kowa ya ce ikon Allah.

Haka aka yi, ko in ce haka aka fara. Muka wanke su da sabulu, baƙin bai fita ba. Baba ya tura baro cikin ganye yana haki, ni ina gaba da takarda. Itace mai ƙafa biyu bai yi wuyar samu ba, wani ƙato ne da ya rabu biyu tun daga ƙasa. A gindinsa muka tone ganye muka ga gurbi, dutsen farko ya zauna ɗas. Baba ya ce alhamdulillahi, ya ciro ɗan kamfas daga aljihu, ya daidaita allura, ya ƙirga taku tara. Muka tone, saiwa kawai. Ya ce ƙila takunsa ya yi faɗi. Ya koma ya sake, da gajeren taku. Babu. Ya koma ya sake yana ɗingishi irin na Iya, har da dafa ƙugu. Mutum mai digiri uku, da babbar rigar Juma'a a naɗe a kafaɗa, yana kwaikwayon tafiyar uwarsa a cikin daji don ba zai iya zuwa ya ce mata "Iya, nuna mini" ba. Mun kusa awa muna wannan wahala, sai muka ji tari a bayanmu.

Mis Loreta ce, da manjagara a hannu. Ba ta dube mu ba, baron ta duba, da duwatsu biyu baƙi ƙirin a ciki.

Baba ya fara in'ina da Turanci, wai shi ne ya ɗauka, bai sani ba, kuskure ne. Ta ɗaga masa hannu. Ta ce kullum daga barandarta tana hango wutar nan, ta san mai zama a gabanta. Ta juyo gare ni ta ce in je in kira mata ita.

Na gangara da gudu ina shirya yadda zan lallashi Iya. Na same ta a ƙofar baya, ta yafa mayafi, ta sa takalmi, sanda a hannu. "Kun daɗe," ta ce, kamar mu ne muka yi mata laifi. Hawan ya ɗauke mu lokaci, tana tsayawa duk bayan 'yan taku tana cije leɓe, kuma ko hannuna ta ƙi kamawa.

Da suka haɗa ido, Mis Loreta ta yi magana doguwa. Ta ce in tambaye ta, sati shida kenan tana dafa abinci a kan kakarta, tana aiko mata tana ci tana godiya?

Na ce, "Iya, ta ce ba ta ji daɗi ba."

"Duk wannan dogon bakin 'ba ta ji daɗi ba' ne? Faɗi yadda ta faɗa."

Na faɗa. Iya ta sunkuyar da kai, na ga hannunta ya ƙara damƙe sandar. Na matsa kusa na yi mata raɗa, "Ki ce sori. Kalma ɗaya ce fa, please, Iya."

"Sori ta wanda ya taka ki ce a kanti," ta ce. "Ina kuka tsaya?"

Baba ya nuna mini, ni, inda ya ƙirga, in nuna mata.

"Can ina? Wa ya ce muku can ne gabas?"

"Gaya mata allura ce ta nuna," in ji Baba.

Mis Loreta ta gane gardamar daga hannuwa, ita ma ta nuna wajen da Baba ya nuna. Ta ce duk mutanenta da ke kwance a nan mahudar rana suke kallo, in akwai abin da ta sani a tudun nan shi ne wannan.

"Ku uku da allurarku," in ji Iya. "Ni gabas ɗaya na sani, inda nake kallo in zan yi salla."

Ta jingina bayanta da itacen, ta karkata hagu sosai daga inda muke ta haƙa. A Zariya alƙibla da mahudar rana kusan wuri ɗaya suke, shi ya sa kalma ɗaya ta ishe su. A Greensboro sun raba hanya. Baba sau biyar a rana yake kallon wajen, da ya ji waƙar da kunnensa da Hausa da tuni ya gane. Ni ce na kashe ta a takarda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, Iya kuwa ko ta kaina ba ta bi ba, ta ƙirga tara a fili, ta caka sanda. Muka tone ganye, ga gurbi. Dutse na biyu ya zauna.

Saura mai farin zane. Ta ƙara bakwai, ta karkata dama, ta tsaya. Muka share wurin, sai ga gurbi biyu, tsakaninsu kamar taku uku. Baba ya gwada dutsen a na farko, ya shiga. Ya ɗaga ya gwada a na biyu, nan ma ya shiga. Ɗaya wurin kan kakarta ne, ɗaya ramin da wani ruɓaɓɓen kututture ya bari, kuma ido ba ya rabewa. Mis Loreta ta durƙusa ta shafa wannan ta shafa wancan, ta girgiza kai. Ta ce shekara da shekaru dutsen take zuwa wa, ba ta taɓa tunanin za ta nemi wurin ba tare da shi ba.

Duk muka zuba wa Iya ido. A raina cewa nake, ki nuna ɗaya kawai, wa zai sani? Na ga idon Baba ma abin da yake roƙo kenan. Ita kanta Mis Loreta ta ɗago fuska tana jira, kuma na tabbata duk wanda aka nuna mata karɓa za ta yi. Iya ta koma wajen dutse na biyu ta sake ƙirgowa. Ta sake komawa, da gwiwar nan, ta ƙirgo na uku. Ta daɗe a tsaye tsakanin guraben.

"Ban sani ba," ta ce.

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Matar da ta san dalilin ruwan sama da dalilin ciwon kan kowa.

"Gaya mata ban sani ba. Kada ki gyara."

Ban gyara ba. Mis Loreta ta zauna daɓas a cikin ganye ta fashe da kuka, irin kukan da ban san tsofaffi na yi ba. Iya ba ta taɓa ta ba, ba ta ba ta haƙuri ba. Ta ajiye sanda, ta durƙusa da ƙyar, ta shiga tsince sauran ganyen guraben biyu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har suka fita fes.

Ranar Asabar aka kafa turaku aka kewaye duka biyun, hanyar ta yi lanƙwasa ta bi ta ƙasa. Dutsen Mis Loreta ta sa aka ajiye shi a tsakiya, ba a kan ko ɗaya ba. Duk sanyin shekarar ba ta sake gaida Iya ba, kwanon ƙosai na ƙarshe ma bai dawo ba. Sai da ganye ya sake tohowa ta fara ɗaga hannu daga baranda, shi ma ɗan kaɗan. Gaisuwar awa guda ba ta dawo ba har Iya ta koma gida. Iya ta ci gaba da yi mana tatsuniya a bakin kaskon ƙarfen da ta raina, ba ta sake kushe shi ba, ba ta kuma sake yin ta dattijai uku ba.

Na yi shekaru ina riƙe da haushin kwana ukun nan, kuma in gaskiya ake so har yanzu bai gama sauka ba. Da ta yi magana ranar Talata, da an rage wa baiwar Allah kukan kwana uku, da Baba bai yi ɗingishi a daji ba. Wannan ban yafe mata a sauƙaƙe ba. Amma tun da na girma na shiga aiki, na ji sori ta fi a ƙirga, ni ma na faɗe ta a inda ko a jikina. Sai na fara lissafa abin da ke gaban Iya a ranar. A ƙasar nan kaf mutum ɗaya ke gaishe ta. Da ta miƙa sanda ta ce "nan ne", da Larai ta share hawaye, da bayan sati biyu ƙosai ya ci gaba da tafiya ganye na dawowa. Ta san haka sarai, ta fi ni sani. Ta gwammace ta rasa ƙawar da ta bar ta tana kai ziyara ga ramin kututture.

Su biyun duk sun rasu, Iya a Zariya, Mis Loreta a nan. Jikokin Mis Loreta suna wasu jihohi, gidan katakon an rushe shi an yi mai bangon da ke haɗiye mota. Ni ce a gidan su Baba yanzu da iyalina. Ƙungiya ta kafa ɗan allo a bakin hanyar mai bayanin tarihin tudun, masu gudu da masu kare suna wucewa ba sa karantawa. Ba wanda ya ɗora mini, amma duk shekara in ganye ya zuba ni ke hawa da manjagara, ina shara ina mita, don aikin da Iya ta jawo ne ta tafi ta bar ni da shi. Bara na tafi da 'yata. Ta dubi dutsen, da sauran baƙinsa a gefe guda, ta dubi guraben biyu, ta ce, "Mama, which one ne na gaske?"

Na ce mata ban sani ba, ta kama wancan in kama wannan.